Yoyon Ruwa A Motar Rangadi Da Maganin Tsatsa

Motar a-kori-kura da hakimi ya ke fita rangadi da ita, ko wadda a ke kai magani da taki ƙauyuka, da dukiyar jama'a aka saye ta. Sau da yawa tsatsa ta kan riga tsufan inji kashe irin wannan mota. Sai a ga inji da sauran ƙarfinsa, amma daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba ya ruɓe har ana hango ƙasa.

Yadda Tsatsa Ta Ke Kamawa

Abu uku ne in sun haɗu a ke samun tsatsa, watau ƙarfe da ruwa da iska. Fenti shi ne ya ke raba tsakaninsu. Bayan an ɗauke ruwa jikin mota ya kan bushe nan da nan, amma a gaban mota, inda direba ya ke zama, akwai wani bargo mai kauri ƙarƙashin shimfiɗar roba, wanda ya kan sha ruwa kamar soso, ya riƙe laima mako da makonni. Daga nan ɓarna ta ke somawa. Gishiri da takin zamani da fitsarin dabbobi kuwa suna ƙara wa tsatsa sauri.

Land Rover da aka fara ƙerawa a Ingila cikin 1948 jikinta na alminiyam ne, wanda ba ya yin jar tsatsa. Duk da haka ƙarafan da ke ɗauke da ita daga ƙasa, da bangon da ke tsakanin inji da direba, su kan ci tsatsa. Motocin Peugeot, waɗanda aka soma harhaɗawa a Kaduna cikin 1975, da Toyota Hilux da ta fito cikin 1968, gidan direbansu na baƙin ƙarfe ne.

Ta Inda Ruwa Ya Ke Shiga

Masu ƙera mota sun san lalle ruwa zai shiga waɗansu wurare, sabo da haka suka yi masa kafofin fita. Akwai kwaroro a gindin gilashin gaba, inda iska ta ke shiga, yana da magudana a gefe. A gindin kowace ƙofa kuma akwai ƙananan huji. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya su kan taru a waɗannan kafofi duk rani. Ruwan farko ya mai da su taɓo, su toshe, sa'an nan ruwa ya cika ya malalo ciki.

Na biyu, robar da ta kewaye gilashi da ƙofofi ta kan bushe da zafin rana ta tsattsage. Haka kuma ƙananan robobin da wayoyi ke bi daga wajen inji su kan fita. Motar da ke da na'urar sanyaya iska tana da bututun zubar da ruwa, in ya toshe sai daɓen gefen fasinja ya jiƙe ko da ba a yi ruwan sama ba.

Neman Yoyo Da Gyaransa

Mutum biyu ne za su yi aikin. Ɗaya ya ɗage shimfiɗa ya zauna ciki da tocila, ɗaya yana zuba ruwa da buta a hankali. A fara daga ƙasa a yi sama, domin in an fara daga rufi ruwa zai jiƙa ko'ina, ba za a gane kafar ba. A tuna wurin da ruwa ya ɗiga ba lalle ne ta nan ya shiga ba.

In an gano, a buɗe magudana da waya mai laushi, a sake robar da ta tsage. Kada a shafa wa roba baƙin mai, gama yana kumbura ta ya lalata ta. A fitar da bargon a shanya har ya bushe sarai. Inda tsatsa ta kama, a kankare da buroshin waya da sanfefa har farin ƙarfe ya bayyana, a shafa jan fenti na share fage, in ya bushe a bi da fentin mota. Fentin da aka shafa bisa tsatsa ba ya daɗewa, ta ƙarƙashinsa za ta ci gaba da ci. Inda daɓe ya huje, sai mai walda ya yanke ya sa sabon ƙarfe.

Abin Da Ya Wajaba Ga Hakimai

Batun ya wuce asarar kuɗi. Daɓen da ya huje yana iya shigo da hayaƙin salansa, cikinsa kuwa akwai iska mai guba wadda ba ta da wari, tana sa barci, tana kisa. Tsatsa tana kuma raunana mazaunin kujera da bututun birki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata hakimi ya sa a share magudanai a duba robobi cikin Afrilu, kafin damina ta kankama, a sake dubawa cikin Agusta, watan da ruwa ya fi yawa. Bayan kowane rangadi a wanke taɓon ƙarƙashin mota, kada kuma a riƙa ajiye ta a gindin itace. Malamin hakimi ya rubuta ranar kowane dubawa da abin da aka samu cikin littafin mota, direba ya sa hannu, domin a san wanda za a tambaya.