Ko Ka Sani? Ƙarfen da Babur Ke Tsayawa a Kansa

Duk wanda ya saba bin titin Katsina ta Rijiyar Lemo da sassafe ya san wannan kiran: "Malam, jak! Jak ɗinka!" Wani ne ya fito daga lungu a gurguje, ya hau mashin bai ɗage ƙarfen da ya kafe shi a kai ba. Mai shayi na ihu, ɗan adaidaita na danna ham, har sai ya ankara ya shure shi da dunduniya. Da gaskiyarsu, domin in ya sha kwanar hagu a haka, ƙarfen ne zai riga taya cin ƙasa, sai dai a zo a ɗaga shi. In ba a irin wannan lokacin ba, babu mai tunawa da jak. A wanke tanki, a sauya madubi, a liƙa sitika, shi kuwa yana can ƙasa cikin laka da tsatsa.

Tun da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, babur ya koma abin hawan mai shi: ɗan kasuwar Sabon Gari, malamin makaranta, tela, ma'aikaci. Da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kuma, kowa ya shiga lissafin inda zai rage. Juyen baƙin mai, ɗaure sarƙa, sauya filogi, duk mutum na iya yi a soronsa ranar Lahadi. Sai dai kafin ka ɗauki sifana akwai tambayar da ta riga kowace: a kan me mashin ɗin zai tsaya? Amsar da zan ba mafi yawan masu Boxer da Jincheng da roba-roba ita ce, ba sai kun sayi komai ba. Abin da kuke nema yana ƙarƙashin mashin ɗin tun daga kamfani, in ba ku bari ya lalace ba.

Jak biyu ne a jikin irin waɗannan babura, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ƙaramin, na gefen hagu, na ajiya ne. Shi da tayoyi biyu sun zama duwatsun murhu uku, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi, shi ya sa mashin ɗin da ke kan ƙaramin jak ya fi jure iska da bangazar yara. Mutane da yawa na zaton babban jak ya fi tsaro a ko'ina. Ba haka ba ne. A kan babban jak tayar baya a sama take, mashin ya ƙara tsawo, ƙafafun ƙarfen biyu kuma tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya ba. In ɗaya ta nutse a rairayi, shi ke nan.

Amma a wajen gyara babban jak ne sarki, saboda abu biyu da ƙaramin ba zai taɓa yi ba: yana miƙar da mashin sak, yana kuma sakin tayar baya ta juya. Irin aikin da jak ɗin tsohon keken Rali ke yi ke nan, wanda muna yara muke ɗora keke a kai mu yi ta murza feda. Honda Super Cub, kakan roba-roba, da ya fito a Japan a 1958 kuma aka ƙera miliyan 100 nasa zuwa 2017, da babban jak ya zo. Tsohuwar Vespa ta dattawa ma shi kaɗai gare ta.

Ɗauki maganar baƙin mai. Injin waɗannan ƙananan babura lita ɗaya yake sha ko ƙasa da haka kaɗan, kuma a yawancinsu ma'aunin man yana gefen dama. Ka kafe mashin a ƙaramin jak, ya karkata hagu, man ya gangara can, sai ma'auni ya nuna maka ƙaranci alhali man ya isa. Ka ƙara, ka sake ƙarawa. Man da ya wuce kima sai ya nemi hanyar fita, ya jiƙa matatar iska, ya soma tsiyaya ta bakin roba, mai mashin kuwa yana ta zagin kamfani. Laifin na karkata ne.

Sarƙa ita ma haka. Ba ta cinyewa daidai wa daida. Wani wuri ya fi wani ɗamewa. Dole ka juya tayar baya a hankali da hannu har ka gano inda ta fi tsauri, a nan za ka auna sakinta, wanda littafin yawancin ƙananan babura ke sanyawa tsakanin santimita 2 zuwa 3. Wanda ya ɗaure ta a inda ta fi saki, in tayar ta zagayo wurin tsauri sai ta ja kamar tsirkiyar baka, ta ci haƙoran siforoket. A nan kuma akwai wani ganganci da na sha gani, wanda ba na iya wucewa ban yi magana ba: a ɗora mashin a babban jak, a tayar da inji, a sa giya, a kama tsumma ana goge sarƙa tana gudu. Sarƙar kan fizgi tsumman, tsumman ya ja yatsu zuwa cikin haƙora, kuma kafin mutum ya ce wayyo an gama. Inji a kashe, taya a juya ta da hannu, tsumma kuma a ɓangaren da sarƙa ke fita daga haƙora, ba inda take shiga ba.

Ga wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Durƙusa ka dubi mashin a kan babban jak: ƙafafun ba a tsaye cak suke ba, ƙasansu ya ɗan wuce gaba. Wannan 'yar wucewar ita ce makullin. Nauyin mashin ɗin ne da kansa ke danne jak ɗin a mazauninsa, kuma ba zai sauka ba sai an tura shi gaba ya ɗan hau ya tsallake. Ma'ana, duk abin da zai tura mashin gaba maƙiyinka ne: gangara, ko sifanar da ka danna wajen gaba da dukkan ƙarfinka. Shi ya sa gogaggen bakanike ke sassauta babban notin taya tun tana ƙasa, kafin ya ɗora mashin. Wanda zai yi aiki mai tsawo kuwa, ya ɗaure jak ɗin da igiya zuwa tayar gaba, ta yadda ba zai iya naɗewa ba. Ƙaramin jak ma naɗewa yake yi in mashin ya gangara gaba, don haka a wuri mai tudu kan mashin ya dubi sama, a bar shi a giya ɗaya.

Ɗora shi kuma ba aikin ƙwanji ba ne. Boxer ya ɗan haura kilo 100, wato buhun siminti biyu da ɗoriya, amma za ka ga yaro siriri a gareji ya ɗora shi kamar wasa, ƙato kuwa yana nishi. Yaron ya san cewa ɗan ƙarfen da ya fito a gefen jak mataki ne. Ya miƙar da mashin har ya ji ƙafafun biyu sun taɓa ƙasa tare, ya taka matakin da duk nauyin jikinsa, hannu kuma jagora kawai yake yi zuwa baya.

Sai ƙasar da za a tsaya a kai, wadda a unguwanninmu ita ce rabin matsalar. Lungunan Rijiyar Lemo da Kurna da yawa babu kwalta. Da rani rairayi, da damina taɓo. Ko kwaltar ma, a zafin Afrilu da ke kaiwa digiri 40, takan yi laushi har ƙaramin jak ya huda ta a hankali, ka dawo daga sallar Azahar ka tarar da mashin a kwance, fetur na zuba daga kabireta. Tafin jak bai fi akwatin ashana ba, duk nauyin da ya karkato a nan yake taruwa. Guntun katako, ko gwangwanin madara da aka take, ya wadatar a ƙarƙashin ƙaramin. Babban kuwa yana son daɓen siminti, ko faffaɗan katako mai kauri da zai ɗauki ƙafafun biyu. Bulo kada ka yarda da shi. Cikinsa rami ne, yashinsa ya fi simintinsa yawa, kuma ba ya gargaɗi kafin ya ruguje.

Cire tayar gaba ne ke buƙatar ƙarin dabara, tunda ita ce a ƙasa. Ka ɗora jarkar ruwa ko buhun yashi a kariya har gaban ya ɗago, sannan ka tokare ƙasan inji da katako, ka kauce wa salansa da notin juye mai. Jak ɗin mota shi kaɗai ba ya riƙe babur. A wuri ɗaya yake tokarewa, mashin kuwa ba shi da ƙafa huɗu.

Wanda ya kamata ya sa hannu a aljihu shi ne mai babban mashin irin na tsere. Su kamfani ba ya sa musu babban jak, don rage nauyi da kuma kada ya goge ƙasa a kwana. Nasu daban ake saye: wani ƙarfe mai ƙananan tayoyi da ke kama hannun da ke riƙe da tayar baya, a danna mariƙinsa ƙasa ya ɗaga ta. Wani yana kama wasu 'yan dunƙulallun ƙarafa da ake ɗaurawa a jikin hannun, wani kuma tallabo yake yi daga ƙasa da roba; na farkon ya fi riƙo. Akwai ma wani kamfani a Ingila mai suna Abba, kamar ɗan gidanmu, da nasa ke kama mashin ta tsakiya, mutum ɗaya ya ɗaga ba tare da mai riƙe masa ba. Irin wannan mashin na kaiwa kilo 200, don haka a duba nauyin da aka rubuta jak ɗin zai ɗauka, a auna faɗin bayan mashin kafin a biya. In mai walda zai haɗa maka, je Kasuwar Ƙofar Ruwa da kanka ka zaɓi bututu mai kauri, ba irin na gadon ƙarfe ba, ka ce ya faɗaɗa gindinsa, kuma ranar gwaji wani ya riƙe kan mashin.

Jak ɗin da ya zo daga kamfani kuwa abin da ke kashe shi sananne ne. Zaman majalisa a kan mashin da ke kafe a ƙaramin jak yana lanƙwasa shi, ya buɗe ramin ƙusarsa, mashin ya riƙa kwanciya fiye da da. Babban yana dukan dokin ƙofa kullum in za a shiga soro, har wasu su gaji su cire shi gaba ɗaya, maimakon su gyara gangarar ƙofar. Ƙusar da yake juyawa a kai tana son giris, musamman bayan damina. Sifirin ɗinsa in ya saki, jak ya riƙa reto yana kartar titi, a sauya shi. Ɗaurin roba ba magani ba ne.

Sa sabon sifirin shi ne inda ake zubar da gumi, don tauri gare shi, filaya kan suɓuce ta fasa hannu. Dabarar ita ce ka lanƙwasa shi gefe, ka cusa washa a tsakanin zobbansa, ka lanƙwasa ɗaya gefen ka cusa wata, har ya yi tsawon da zai shiga ƙugiyarsa salin alin. Kana sauke jak ɗin sifirin zai miƙe, washoshin su zubo da kansu. A da da kwabbai ake yi, lokacin da ana samunsu a aljihu.