Tsiron Dawa, Gadon Uwa

A duwatsun arewacin Italiya, iyalai sukan gaji aikin giyar inabi tun kaka da kakanni. Mu a ƙasar Gwarzo da Kabo dawa muke da ita. A gidajen Maguzawa, uwa ce take koya wa 'yarta dafa burkutu. Ikkilisiyarmu ba ta yarda da sha ba, kuma mun ga yadda giya take cinye rumbu kafin damina. Amma kada mu yar da gwanintar tsiro tare da giyar.

Matan nan sukan jiƙa dawa ta kwana, su rufe ta suna yayyafa ruwa kwana 3 ko 4 har ta tsira, sa'an nan su shanya, su niƙa. Garin nan yana narkar da kaurin kunu. Idan an zuba cokali ɗaya cikin kunu mai kauri da ɗumi, sai ya tsinke ba a ƙara ruwa ba. Yaron da aka yaye zai sha, ya ƙoshi sosai.

Lalle a murje saiwa da tohon a sheƙe kafin niƙa, gama akwai dafi a cikinsu. A sake tafasa kunun kuma.