Zangon Koyon Harshe a Lokacin Hutu

A jihar Minnesota ta Amurka akwai wani zangon hutu da Kwalejin Concordia ta buɗe a 1988 domin koya wa samari da 'yan mata Japananci. Da zarar yaro ya shiga sai a raɗa masa sunan Japanawa. Cin abinci da wasa da waƙa duk da harshen ake yi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce wurinmu. Yaran Kurama na Doguwa a kasuwa da dandali suke iya Hausa, ba a aji ba.

Ɗalibai, kunyar kuskure ce ke kayar da yawancinku a jarrabawar Turanci. A hutun bana ku haɗu uku ko huɗu, ku keɓe awa guda kullum da ba a Hausa. Ubangiji ya taimake ku.