Gargaɗin Agogo A Manhajar Intanet

'Yan'uwana ɗalibai, ko wane malami ya san darajar agogo. In agogon makaranta ya yi latti, sai ƙararrawa ta yi latti, darasi kuma ya shiga cikin darasi. To, yau makarantu da yawa suna yin rajista da jarrabawa ta manhajar intanet, ita ma kuwa tana da agogonta. Nufina in bayyana wani gargaɗi da ta kan yi game da agogon nan, da yadda a ke gyara shi.

Da fari mu tuna da darasin labarin ƙasa. Duniya tana juya digiri 15 cikin awa guda, sabo da haka rana ba ta fitowa ko'ina a lokaci ɗaya. A shekarar 1884 aka yi taro a Washinton ta Amurka, aka yarda a riƙa auna gabas da yamma daga Greenwich ta Ingila. Agogon da duniya ta ke bi yau sunansa UTC. Nijeriya tana gabansa da awa 1, Gana kuwa daidai ta ke da shi.

Manhaja tana zaune ne a kan wata babbar kwamfuta da a ke kira saba, mai yiwuwa a Turai ko Amurka. Ba ta san garin masu amfani da ita ba sai an gaya mata. Manhajoji da yawa da harshen PHP aka rubuta su. Daga PHP 5.3 na 2009, in ba a faɗi yankin lokaci ba, sai gargaɗi ya fito da Turanci, yana cewa akwai haɗari a dogara ga agogon saba. Daga PHP 5.4 na 2012 kuma, sai ta daina yin kirdado, ta kama UTC.

Waɗansu su kan ɓoye gargaɗin don kada ya ɓata fuskar allo. Wannan kuskure ne, gama cutar tana nan. A ce an shirya jarrabawa ta buɗe da ƙarfe 8 na safe. Yara sun zauna, amma ba za ta buɗe ba sai agogon bango ya buga 9. Wanda ya yi rajista da ƙarfe 12:30 na dare kuwa, za a rubuta masa 11:30, watau a kwanan watan jiya.

Ga gyaran. Nemi fayil mai suna php.ini. In ba ka san inda ya ke ba, umarnin phpinfo() zai nuna maka wanda a ke aiki da shi. A ciki akwai layin date.timezone, sau da yawa da alamar ; a farkonsa. Alamar nan tana sa PHP ta tsallake layin, sai ka share ta, ka rubuta haka:

date.timezone = "Africa/Lagos"

Sa'an nan ka adana, ka sake tayar da manhajar saba, domin ba za ta ga canjin ba sai ta sake karanta fayil ɗin. In ba ka da ikon taɓa php.ini, sa wannan layi a farkon manhajar, kafin a yi ko wane lissafin lokaci:

date_default_timezone_set('Africa/Lagos');

Kada wanda ya ke Jos ko Makurɗi ya ce ina ruwansa da Legas. Sunan yana wakiltar agogon Nijeriya duka. An ɗauko shi daga wani kundi na yankunan lokaci wanda Arthur David Olson ya fara, hukumar IANA kuma ta ke riƙe da shi tun 2011.

Sauran abu biyu. Na ɗaya, kada ka zaɓi Europe/London don ka ga agogonsu ya yi daidai da namu a watan Yuli. Ingila ta kan tura agogonta gaba a ƙarshen Maris, ta komo da shi baya a ƙarshen Oktoba. Mu ba mu yin haka, sai ka tarar a Disamba an bar ka da awa guda.

Na biyu, tun daga PHP 7 na 2015 aka cire gargaɗin, in ba a faɗi yanki ba sai ta bi UTC shiru. Ashe rashin gargaɗi ba shaidar lafiya ba ne. Don haka kafin ranar jarrabawa, ka sa manhaja ta nuna lokacinta, ka gwada da agogon hannunka. Aikin minti 5 ne, rigakafi kuwa ya fi magani.