Idan Ruwa Ya Shiga Gida Cikin Dare, Wa Zai Amsa Kira?

Ruwan damana ba ya duba lokaci. Sau da yawa hadari yakan haɗu da yamma, ya sauko tsakar dare, sa'ad da kowa ya rufe ƙofa. Mai gida ya farka ya sa ƙafa ƙasa, sai ya ji ta cikin ruwa. A wannan lokaci tambaya ɗaya ce a bakinsa: wa zan kira?

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. A shekarar 1945 ruwa ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke bakin gulbi, har aka mai da garin bisa tudu. A shekarar 2024 kuma ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar, kusan 400 suka rasu. Tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi cikin watan Satumba na shekarar 2024, aka kuma ɗaga komawa makaranta har zuwa 28 ga Oktoba. Abin lura shi ne, waɗanda gini ya faɗa wa sun fi waɗanda ruwa ya tafi da su yawa. Mu riƙe wannan, domin za mu komo gare shi.

Su wa ake kira?

A manyan garuruwa akwai ƴan kwana-kwana, lambarsu 18. Idan rai na cikin haɗari, su ake fara kira. Amma daren babban ruwa gidaje ɗari na iya kiransu lokaci guda, ƙauyuka da yawa kuma suna nesa da su. Saboda haka mutanen da ke fara isowa, namu ne na unguwa: magini, mai injin ban ruwa na lambu, mai amalanke, da samari masu shebur. Wasu sun mai da wannan aiki sana'a. Suna kwashe ruwa daga gidaje, suna tokare bango, suna gyara ɗaki bayan ruwa ya janye. Sana'a ce ta halal, mai lada kuma.

Sai dai aikin yakan lalace tun daga kira. A kira magini, a tarar salularsa a kashe. A kira mai inji, ya ce ba mai. Ko kuwa a ɗauka, mai kira na kuka, mai amsawa na magagin barci, a rabu ba a ma faɗi unguwar ba. Gyaran wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Shiri yake bukata tun da rani.

Salula ɗaya, mai tsaro ɗaya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu wannan aiki su haɗu, su ware salula ɗaya ta kiran dare. Su riƙa karɓa-karɓa: wannan ya riƙe ta mako guda, wancan ya karɓa. Wanda ke da ita ya cika ta da wuta tun da rana, ya sa mata kuɗin kira, ya kwana da ita kusa da kunnensa. Ya ajiye tocila, littafi da alƙalami wuri guda. A rubuta lambar da manyan baƙaƙe a ƙofar mai unguwa, a bakin masallaci, da allon ajin yaƙi da jahilci. Mai inji kuma kada ya kwana ba tare da mai a ajiye ba.

Maganar kuɗi a gama ta da rana, gaban mai unguwa, a rubuta. Nawa ne kwashe ruwa? Wa zai sayi mai? Yaya za a yi da wanda ba shi da hali? Ciniki da mutumin da ɗakinsa ke cikin ruwa ba kyakkyawan abu ba ne, yana kuma cin lokacin da ba a da shi.

Tambayoyi biyar

A ce ƙarfe biyu na dare wata dattijuwa ta kira, muryarta na rawa. Mai tsaro kada ya ruɗe tare da ita. Ya ce: "Inna, na ji ki. Ki kwantar da hankalinki, ki amsa mini ɗaya bayan ɗaya." Sa'an nan ya yi tambayoyin nan, yana rubuta amsa:

1. Wane ne, kuma a ina? Sunan unguwa, da wata alama da aka sani, kamar masallaci ko famfo ko babbar bishiya.
2. Kowa ya fito? Akwai yara, tsofaffi, mai ciki ko marar lafiya a ɗaki?
3. Ginin laka ne ko na siminti? Bango ya tsage, ko ƙasa na zubowa daga rufi?
4. Akwai wutar lantarki a gidan?
5. Ina ruwan ya kai, idon sawu ko gwiwa? Tsaye yake ko yana gudu?

Ya rubuta lokacin da aka kira, da lambar mai kira. A nan karatunmu ke amfani. Daren da aka yi kira goma, kai ba ya riƙe su duka, amma littafi yana riƙewa.

Abin da za a faɗa kafin a iso

Taimako na farawa tun cikin salula. Magana ta farko ita ce: ku fito daga ɗakin laka. Bangon laka yana shan ruwa daga gindi, ya yi laushi, nauyin rufi ya rinjaye shi. Yakan faɗi ba tare da gargaɗi ba, wani lokaci ma bayan ruwa ya ɗauke. Kada kowa ya koma ciki don tabarma ko tukunya. A tafi gidan maƙwabci mai ƙarfi ko wuri mai tudu, a ƙirga yara.

Ta biyu: idan babban makunnin wuta yana wuri busasshe, a kashe shi da busasshen hannu. Idan sai an shiga ruwa kafin a kai gare shi, a bar shi, kowa ya nisanci wayoyi.

Ta uku: kada a ƙetare ruwa mai gudu cikin duhu. Ruwa mai ƙarfi da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Ƙarƙashinsa kuma akwai rijiya da ramin salga da ba a gani.

Wa za a fara zuwa wurinsa?

Ba wanda ya fara kira ba, ba kuma mai kuɗi ba. Inda rai ke cikin haɗari nan ake fara zuwa, ana kuma kiran 18. Bayan haka sai gidan da bango ke shirin faɗuwa, sai rumbu da dabbobi. Gidan da ruwa ya kwanta a tsakar gida kawai, kowa kuma ya fita, yana iya jiran wayewar gari. Mai tsaro ya faɗi gaskiya. Ya ce: "Malam, akwai gidaje biyu gabanka, sai da asuba za mu iso." Wanda aka yi wa alkawarin ƙarya yakan zauna jira cikin ɗaki, maimakon ya nemi mafita.

Masu zuwa aiki su ma su tsare kansu. Kada mutum ya fita shi kaɗai. A tafi biyu ko uku, da tocila da sanda ta gwada zurfi. Injin da ke shan mai a waje ake kunna shi, domin hayaƙinsa yana kisa cikin rufaffen ɗaki, mutum bai ankara ba. Ruwan da aka jawo kuma a bi da shi ta magudana. Kada a juye shi gindin bangon maƙwabci.

Idan gari ya waye

Mai tsaro ya buɗe littafinsa, ya bi gidajen da suka kira ɗaya ɗaya. Magini ya duba bango kafin iyali su koma. Hatsin da ya jiƙe a fitar da shi a shanya a ranar, domin cikin kwana ɗaya ko biyu yake fara ruɓewa. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafi mai cutar da hanta, kada a ci, kada a ba dabbobi. Rijiyar da ruwan ambaliya ya shiga ta gurɓata, domin ya bi ta salga da turke. Sai a tafasa ruwan sha, ko a sa masa ƙwayar Aquatabs yadda likita ya nuna. Mun ga yadda cutar amai da zawo ta yi ɓarna a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa cikin damanar 2021. Duk wanda ya fara zawo kamar ruwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a gaggauta kai shi gidan likita.

Ƴan'uwa, wannan shiri bai fi ƙarfin kowace unguwa ba. Mu kai maganar wurin mai gari da mai unguwa tun kafin ruwan shuka. A aji na gaba, kowa ya kwafi tambayoyin nan biyar cikin littafinsa, ya karanta wa iyalinsa. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu daga sharrin ruwa.