Ganyen insulin da ciwon sukari: gargaɗi ga masu tafiya Cibarakaten

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu yi magana bisa wani ganye da ake ta yawo da hotonsa cikin salula. Ana ce masa ganyen insulin. Masu tallarsa suna cewa wai in mai ciwon sukari ya tauna ganye guda kowace safiya, ya rabu da ƙwaya da allura har abada. Labari irin wannan ba ya tsayawa a birni. Duk inda salula ta kai, shi ma ya kai.

Tun shekarar 2014 da aka gano zinariya a Jado, sannan a Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya, dubban magidanta ke barin gida bayan girbi su nufi arewacin jihar Agadas. Wanda ya je ya san wurin. Babu gona, babu garka. Ruwa ma a mota ake kawo shi, a saya. Abinci shi ne shinkafa da makaroni da burodi, sai shayi mai sukari safe da rana da dare. Manyan asibitoci suna can Arlit da Agadas, tafiya mai nisa cikin hamada. To, mai ciwon sukari da ke irin wannan wuri, in aka ce masa ga garin ganye a ƙulli wanda zai raba shi da zuwa likita, ai dole ya kasa kunne. Shi ya sa muka ga ya kamata a san gaskiyar wannan ganye tun daga gida.

Mu fara da ciwon kansa. Tuwo da fura da shinkafa, duk in sun shiga ciki suna komawa sukari, jini ya ɗauka ya kai wa tsoka don a samu ƙarfin aiki. Amma sukarin ba ya shiga tsoka shi kaɗai. Sai da wani sinadari da jiki ke yi, sunansa insulin. Wata ƴar tsoka ce da ke kwance bayan tumbi take yin sa. In insulin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin sa, sai sukari ya taru cikin jini, tsoka kuwa tana jin yunwa. Kamar garken da ke tsaye bakin rijiya ne, ga ruwa ana gani, amma babu guga.

Ciwon iri biyu ne. Na farko ya fi kama yara da samari, jikinsu ba ya yin insulin ko kaɗan. Su sai da allura kowace rana. In sun bari, kwanaki ko ƴan makonni kawai ake yi rai ya fita. Na biyu ya fi kama manya, kuma shi ne ya fi yawa, fiye da mutum 9 cikin masu ciwo 10. Ƙungiyar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce a 1990 masu ciwon sukari wajen miliyan 200 ne a duniya, a 2022 sun kai miliyan 830. Ke nan maganar da ake yi a dā cewa ciwon masu kuɗi ne ta ƙare.

Shi insulin na allura, a 1921 aka gano shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Wani lokotoro mai suna Banting da abokin aikinsa Best suka yi aikin. A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, wanda ya kusa mutuwa, ya kuwa tashi. Ku lura da abu guda. Insulin ba a haɗiyarsa, domin ciki yana narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama. Dalilin allura ke nan.

To, ganyen fa? Asalinsa daga ƙasar Birazil ne. Masana na ce masa Costus igneus. An kai shi Indiya ana dasawa a tsakar gida don ado, mutanen kudancin ƙasar suka fara tauna shi, su ne kuma suka laƙaba masa sunan insulin. Tsiro ne gajere, dangin citta na nesa. Ganyensa mai kauri ne da ɗan tsami, yana kewaye kara kamar naɗin rawani, furensa ruwan goro. Yana son inuwa da laima da ruwa kullum. A Cibarakaten, inda ake sayen ruwan sha, ba zai yi ba. Yana da ɗan'uwa a dazuzzukan kudancin Nijeriya, wanda Hausawa ke ce wa ka-ƙi-zuwa-Hausa. Sunan ma ya isa bayani.

Suna dai suna ne. Ruwan da ke cikin kwalbar allura ba shi ne cikin ganyen ba. Amma kada mu yi masa ƙarya, masu bincike a Indiya sun gwada shi. Sun ba ɓeraye masu ciwon sukari, sukarin jininsu ya ragu. A 2010 an duba wasu ƴan mutane kaɗan a kudancin Indiya da ke cin ganye guda ko cokali guda na garinsa kowace rana, aka ga sukarinsu ya sauka. Sai dai waɗannan mutane ba su bar maganin likita ba, tare suke haɗawa. Masu talla ba su faɗin wannan. Kuma ɓera ba mutum ba ne. Har yau ba a yi babban gwaji bisa mutane masu yawa ba wanda zai sa likitoci su ce ga awon da za a sha, ga wanda bai kamata ya sha ba.

Wani zai ce likitoci ƙyamar maganin itace suke yi. A'a. Ƙwayar da aka fi ba masu ciwon sukari a duniya, metformin, tushenta wata ciyawa ce ta ƙasar Turai mai suna galega. Ita ciyawar ɗanyarta tana kashe tumaki in sun ci da yawa. Sai da aka yi shekaru ana bincike, har wani lokotoro Bafaranshe, Jean Sterne, ya gwada maganin bisa mutane a 1957, kana aka san awonsa. Ganyen insulin bai bi wannan hanya ba tukuna. Ni a ganina, wanda ya sayar maka da shi ya ce ka jefar da ƙwayarka, kuɗinka yake so.

Haɗarin ga mai aikin rami biyu ne. Na ɗaya, ka bar magani ka dogara ga ganye. Sukari ya yi ta hawa ba ka sani ba, domin alamominsa su ne ƙishirwa da yawan fitsari da gajiya da rama, kuma a wurin haƙa kowa yana jin ƙishirwa, kowa ya gaji, kowa ya rame. Kafin a gane, ido ya fara gani dishi-dishi, ƙafa ta mutu ba ta jin zafi. Dutse ya yanke ka cikin silifa, mikin ya ƙi warkewa, ya ruɓe. Da yawa ta nan ake kai ga yanke ƙafa.

Na biyu, ka haɗa ganye da allura ko ƙwaya ba tare da likita ya sani ba, ga aikin ƙarfi, ga rashin cin abinci kan kari. Sai sukari ya faɗi ƙasa. Mutum ya ji jiri da gumi da rawar hannu, idonsa ya rufe. A tsakar gida wannan da sauƙi. Amma ku tuna mutumin da ke bisa igiya cikin rami mai zurfin gaba 20. Kowa ya koyi wannan: in abokin aikinka mai ciwon sukari ya fara haka, ba shi ƙwayar sukari 3 ko dabino 3 nan take, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi bisa gefe, a nemi mota.

Akwai kuma wata magana. Busasshen gari a leda, wa ya san ganyen mene ne? A ajinmu na yaƙi da jahilci nakan ce wa ɗalibai, karatun da kuke yi ba na wasiƙa kaɗai ba ne. Kwalin magani yana da suna da awo da ranar da zai lalace. Ƙullin leda ba shi da ko ɗaya.

Wanda zai tafi arewa, musamman in ya haura shekara 40, ko yana da ƙiba, ko a gidansu akwai mai ciwon, ya je likita a auna jininsa da safe kafin ya ci komai. Ɗigo guda ne daga yatsa. In na'ura ta nuna 1,26 ko fiye, a sake awo wata rana. Wasu na'urorin 126 suke rubutawa, duk ɗaya ne. In awo na biyu ya sake nuna haka, ciwon ne. Wanda ya riga ya san yana da shi, ya ɗauki maganin da zai ishe shi har ya dawo, da takardar likita a aljihu, ya kuma gaya wa abokan raminsa. Ba abin kunya ba ne. Shayi kuwa, ba mu ce a bari ba, don mun san ba za a ji ba. A rage sukarin, a bar lemun kwalba, a yi guzurin wake da busasshiyar zogala. A sa takalmi rufaffe, a duba tafin ƙafa kowane dare.

Masu allura sukan ce babu firigo a daji. A 2021 likitocin MSF da jami'ar Janeba sun nuna cewa insulin da aka buɗe yana yin mako 4 bai lalace ba a zafin da ke hawa da sauka tsakanin awo 25 da 37, irin na wani sansanin ƴan gudun hijira a Kenya. Zafin hamadarmu yakan wuce haka. Saboda haka a sa kwalbar cikin ƙaramin gwangwani mai murfi, a binne gwangwanin cikin jiƙaƙƙen rairayi a tukunyar ƙasa, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Ruwa kaɗan ya isa a riƙa yayyafawa. Kada a bar ta cikin mota ko a rana. In ruwan insulin ya sake launi ko ya yi gudaji, kada a yi allura da shi.