MACIJIN DAURA: AMSAR TAMBAYOYIN SAMARIN MINNA

A Minna, babban birnin Jihar Neja, samari masu sha'awar silima suna da wata al'ada. In sun kalli fim ɗin Turawa irin mai dodon nan mai fukafukai da ke aman wuta, ba su watsewa sai sun yi masa tankaɗe da rairaya. Yaya aka yi jarumi bai ƙone ba? Ina ya sami takobi? Sau da yawa gardamar takan dawo gida, ta faɗa kan labarin Bayajidda, domin shi ma baƙo ne da ya kashe dodo ya auri sarauniya. Ga amsar huɗu daga cikin tambayoyin da aka fi yi, saboda 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi, waɗanda 'ya'yansu ke karanta labarin a makaranta.

Mai karatu dai ya san yadda labarin yake. Bayajidda ya taso daga Bagadaza ya sauka Barno, ya auri 'yar Mai, daga baya ya gudu. Ya bar matarsa a Garun Gabas inda ta haifi Biram, ya biya ta Gaya aka ƙera masa wuƙa, ya isa Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana. Da ta ce masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, sai ya tafi rijiyar Kusugu ya sare kan macijin da ake kira Sarki, ya auri Sarauniya Daurama.

Me ya sa sai Juma'a?

Samarin kan ce, in abin ya faru kafin Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa, ina ruwan maciji da Juma'a? Tambayar tana da ma'ana. Masana da dama suna ganin cewa macijin abin bauta ne na mutanen dā, shi ya sa ma yake da sunan sarauta, kuma kashe shi alama ce ta sauyin addini da mulki. Akwai irin wannan labari a tsohuwar daular Gana, na macijin Bida da ake ba budurwa. Watakila kuwa masu ba da labari na baya, waɗanda suka tashi cikin Musulunci, su ne suka sa wa ranar ɗibar ruwan suna Juma'a.

Ɗan sarki guda ba shi da makami sai ya je Gaya?

Labarin da kansa ya amsa rabin wannan, domin ya ce Mai na Barno ya raba shi da dakarunsa ta hanyar dabara kafin ya gudu. Sauran rabin kuwa yana wurin maƙera. Kanawa suna cewa Abagayawa, watau maƙeran da suka fito daga Gaya, su ne suka fara zama gindin Dala saboda tama. Ashe ko da baƙo ne ya yi saran, wuƙar ta gida ce.

In shi ne uban Hausawa, da wane harshe Daurama ke magana?

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Labarin bai ce ya iske ƙasa fayau ba. Ya iske birni da rijiya da sarauta, kuma an yi sarauniyoyi a Daura kafin Daurama. Sunansa ma ana fassara shi da cewa ba ya jin harshen a dā. Haka kuma Tarihin Kano ya nuna Bagauda ya iske mutane a Dala wajen shekarar 999. Saboda haka asalin gidajen sarauta labarin ke bayani. Wasu sun danganta shi da Abu Yazid, wanda ya yi wa Faɗimawa tawaye a Arewacin Afirka ya mutu a 947, amma Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna a 1970 cewa sarautun Hausa a gida suka tsiro sannu a hankali.

Ina Bagwariya ta shiga?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zafi a Minna, domin garin ƙasar Gwari ce, masu kiran kansu Gbagyi. Labarin ya ce Daurama ta ba mijinta ƙwarƙwara, Bagwariya, ta haifi Karɓagari, sa'an nan ita ma ta haifi Bawo. Daga Bawo aka sami sarakunan Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai. Daga Karɓagari kuwa aka ce an sami Zamfara, Kabi, Yawuri, Nupe, Gwari, Kwararrafa da Yarabawa, aka kira su Banza Bakwai. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba, ko sunanta na yanka ba a faɗa ba.

To, harsunan Nupe da Gwari da Yarabanci ba dangin Hausa ba ne, kuma kowannensu yana da nasa tarihin: Nupawa suna da Tsoede, Yarabawa suna da Oduduwa. Bugu da ƙari, jerin sunayen kansa yakan bambanta daga wannan mai ba da labari zuwa wancan. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne, an jera maƙwabtan da ake ciniki da yaƙi da su ne, aka sa su cikin zuriya ɗaya.

Saboda haka, jama'a, mutumin da ke cin abinci a Sabon Badun ko Agege ya kula da bakinsa. Ko a cikin labarin, ɗan Bagwariya shi ne ya riga Bawo zuwa duniya, watau wansa ne. In yaro ya dawo daga makaranta yana tambayar ma'anar Banza Bakwai, ya kamata uba ya gaya masa wannan kafin ya je ya faɗa wa ɗan mai gidan da suke haya. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.